Malama Orfelina Bahamonde da Ƙwaron da Ya Ari Sunanta

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malama Orfelina Bahamonde Chiguay ranar Alhamis, 14 ga watan Maris na shekarar 1929, a ƙauyen Tenquil da ke gundumar Chonchi, a tsibirin Chiloé na kudancin Chile. Mahaifinta, Belarmino Bahamonde, masassaƙi ne mai tsaga faifayen katakon da ake rufin gidaje da majami'u da su. Mahaifiyarta, Eduvina Chiguay, masaƙiyar bargunan gashin tumaki ce, daga zuriyar Huilliche, mazauna tsibirin na asali. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma ba a yi mata baftisma ba sai bayan wata biyu da haihuwarta, domin ruwan sama bai bar limamin coci ya ƙetaro ba kafin nan.

Gidansu yana bakin dajin Tenquil, daidai inda gonakin dankali suka ƙare, manyan itatuwa suka fara. Daji ne da mutum zai wuni yana tafiya a cikinsa ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, saboda gumaguman da suka faɗi tun zamanin kakanni sun hau juna, gansakuka ta lulluɓe su, sababbin itatuwa suka tsiro a kan gawar tsofaffi. Hazo yakan taso daga teku da hantsi ya shiga tsakanin itatuwan, yana tafiya a hankali kamar tumakin da ba su da makiyayi, har mai sara ya daina ganin bakin gatarinsa. A nan Belarmino yake sana'arsa, kuma a nan 'yarsa ta tashi.

A watan Nuwamba na shekarar 1935, tana da shekara shida, ta ɗaga ɓawon wani ruɓaɓɓen gungume ta tarar da wani ƙwaro a ƙarƙashinsa, tsawonsa kamar gaɓa biyu ta yatsa, mai siririn wuya da dogayen ƙafafu. Bayansa kore ne idan an dube shi daga sama, ja kamar tagulla idan an karkata kai, gefensa kuma an zagaye shi da wani siririn zare mai ruwan zinariya. Ya tsaya cak, ita ma ta tsaya, har ta ji kamar dajin duka ya yi shiru yana jiran su biyun. Da ta kai hannu, ya fesa mata wani ruwa mai wari da raɗaɗi a ido, ya shige cikin gansakuka a guje. Ta je wurin mahaifinta tana murza ido tana tambayar sunansa.

Belarmino ya ajiye gatari yana dariya ya ce, "Mai-tusa ne, 'yata. Kyau kamar 'yar gwamna, hali kamar kawunki Arcadio ranar da ya ci wake."

"Ba shi da wani suna, Baba?"

"Wa zai ɓata suna mai kyau a kansa?"

Karatu

An sa ta makarantar ƙauyen a shekarar 1936, ta kammala a 1942 da sakamakon da ya sa malaminta ya roƙi iyayenta su bar ta ta ci gaba. A watan Maris na 1943 ta shiga makarantar horon malamai da ke Ancud, tafiyar kwana biyu a jirgin filafilai. A can ta haɗu da Malama Herminia Oyarzo, mai koyar da ilimin halittu, mace mai tsananin ƙa'ida, wadda ta koya mata yadda ake kafe ƙwaro da allura, da yadda ake rubuta masa 'yar takarda mai ɗauke da abu uku: wurin da aka same shi, ranar da aka same shi, da sunan wanda ya same shi. Malama Herminia takan ɗaga ƙwaron da ba shi da takarda a gaban aji ta ce wannan gawa ce kawai, ta jefa shi ta taga.

A shekaru shida da ta yi a Ancud, Orfelina ta bi duk littafin da ke ɗakin karatu shafi-shafi tana neman zanen mai-tusa. Ta ga danginsa na ƙasashe da dama, ƙwarin ƙasa masu farauta da gudu, waɗanda murfin fikafikansu ya manne ba sa tashi, amma nata ba ta gan shi ba. Abin yakan ba ta mamaki, cewa halittar da kowane yaron Tenquil ya sani a ce littafi bai san da ita ba. Ta karɓi takardar shaidarta ta malanta a watan Disamba na shekarar 1948.

Fara Aiki da Aure

Hukumar ilimi ta tura ta tsibirin Apiao a shekarar 1949, makaranta mai aji ɗaya da ɗalibai arba'in da 'yan kai, ita ce shugaba, ita ce mai kaɗa ƙararrawa. Mai kai mata wasiƙu da itacen murhu wani matuƙin jirgin filafilai ne mutumin Chonchi, Sofanor Cárcamo, mai fataucin dankali tsakanin tsibirai. Ya lura duk sa'ad da ya iso ranar Asabar yakan same ta a bakin kurmi tana juya gumagumai da sanda. Bayan wata takwas ya tambaye ta abin da ta jefar.

Ta ce ba ta jefar da kome ba, mai-tusa take nema.

Ya ce, "Malama, in mai tusa kike nema, ai ga jirgina cike da su, duk kuma ba su da aure."

An ɗaura musu aure a cocin katako ta Tenquil ranar 9 ga Fabrairu, 1952. Aka haƙa rami aka gasa duwatsu, aka jera kifi da nama da wainar dankali aka rufe da ganye kamar yadda aka saba, aka sha ruwan tuffa har kwana biyu. A shekara mai zuwa aka mayar da ita makarantar garinsu, inda ta zauna har ƙarshen aikinta. Sun haifi 'ya'ya biyar: Clorinda a 1953, Eliseo a 1955, Amador a 1958, Lastenia a 1961, da Nolberto a 1964. Amador ya rasu yana da wata bakwai, da tarin da ya ɗauki jarirai da yawa a sanyin shekarar.

Raɗin Suna

A shekarar 1955, bisa shawarar Malama Herminia, ta shirya ƙwari goma sha biyu a cikin akwatin katakon da mahaifinta ya sassaƙa, kowanne da takardarsa, ta aika wa Dakta Fidel Etchepare, masanin ƙwari a wata jami'a ta babban birni. Amsa ba ta zo a takarda ba. Mutumin da kansa ya zo, a watan Janairu na 1956, siriri mai tabarau, da takalman birni waɗanda dajin ya cinye cikin kwana biyu, har aka ara masa na Belarmino. Ya yi mako uku a Tenquil. Ita ce ta nuna masa yadda ake binne gwangwani daidai da fuskar gansakuka, a zuba ɗan ruwan tuffa mai tsami, a dawo da safe. Shi kuma ya bayyana mata ƙa'idar masana game da sunaye, cewa sunan da aka fara bugawa a littafi shi ne sunan halitta har abada, wanda ya biyo baya kuwa, ko ya fi daɗin faɗa, sai a saukar da shi ƙasa cikin ƙananan haruffa. Ya ce ya bincika duk abin da aka rubuta kan ƙwarin Chile, wannan ba a taɓa raɗa masa suna ba.

A watan Agusta na shekarar 1957 mujallar ta iso Tenquil a jirgin Sofanor, a naɗe cikin rigar ruwansa. A shafi na arba'in da ɗaya ga zanen mai-tusa, ga sunan da aka ba shi da harshen Latin, orfelinae, wato na Orfelina, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta cewa ba a samun sa ko'ina a duniya sai a dajin Tenquil. Ta karanta sau uku a tsaye a bakin ruwa. An ce daga baya ta gaya wa ƙanwarta cewa a ranar ta ji kamar an raba ta gida dubu, kowane kashi nata yana gudu a ƙarƙashin wani gungume cikin sanyi, yana sheƙi inda babu mai gani.

Sofanor ya leƙa ta kafaɗarta ya ce, "To, tsohuwa, ki fahimtar da ni. Mai-tusa ne ya zama Orfelina, ko Orfelina ce ta zama mai-tusa?"

"Kai dai ka sauke dankalinka, tsoho."

Mutanen Tenquil sun yi alfahari da al'amarin fiye da yadda suka nuna. Limamin coci ya ambace shi a huɗuba, aka kuma zana ƙwaron a ƙofar makaranta da fenti kore da ja.

Girgizar Ƙasa ta 1960

Ranar Lahadi, 22 ga Mayu, 1960, gab da la'asar, ƙasa ta girgiza girgizar da tsofaffi ba su taɓa jin labarin irinta ba. Teku ta janye har aka ga ƙasanta, sannan ta dawo. Da abin ya lafa, gaɓar Tenquil ta nutse fiye da tsayin ƙugun mutum, kuma ba ta sake tasowa ba. Ruwan gishiri ya shiga ƙasan dajin ya zauna, makaranta ta zama tana tsaye cikin ruwa duk sa'ad da teku ta cika. A watan Satumba aka kira gayya, aka ɗora ginin kan gumagumai biyu, takarkarai goma sha shida suka ja shi zuwa kan tudu, Malama Orfelina tana biye da ƙararrawar a rungume.

Itatuwan da ruwa ya shiga suka mutu a tsaye, suka yi fari, tsuntsayen teku suka koma sauka a kansu. A nan ne mafi yawan gwangwanayenta suke, kuma duk sanyin shekarar ta yi shi da zaton ƙwaron ya ƙare. Wata safiya a watan Oktoba, suna ratsa mataccen dajin cikin kwalekwale ita da mijinta, hazo ya sauko har ba a bambance ruwa da sama, sai wani gungume ya fito daga cikin farin yana tafe shi kaɗai, ya nufi bakin teku. A kansa akwai gansakuka, da wani ɗan tsiro mai fure, da mai-tusa guda uku a jere, kamar fasinjojin da suka san inda za su. Ba ta kama ko ɗaya ba. Suka tsayar da filafili suna kallo har hazon ya haɗiye su.

Ta ce wa Sofanor, "Ashe ba sai ya tashi sama ba. Jirgi yake hawa."

Daga wannan safiya ta daina yarda cewa Tenquil kaɗai ne mazauninsa.

Shekarun Taswira

A farkon shekarar 1961 ta manna taswirar tsibirin da ta gaɓar da ke fuskantarsa a bangon ɗakin girkinta, ta fara ɗiga jan tawada a duk inda aka tabbatar da ƙwaron. Kowane hutun Janairu da Fabrairu takan bi jirgin mijinta, ya sauke ta a wata gaɓa da sandarta da gwangwanayenta, ya ɗauke ta a dawowa. Tsofaffin ɗalibanta da suka watsu neman abinci, masunta da masu saran itace da matan aure a ƙauyuka masu nisa, suka riƙa aiko mata da shi cikin kwalin ashana, kowanne da wuri da rana da sunan mai aikowa. Wanda ya manta ɗaya daga cikin ukun, takan mayar masa da kwalinsa.

Sannu a hankali ɗigon ya bazu. An same shi a arewa kusa da Ancud, inda yake kore shar. A tsakiyar tsibirin da kuma ɗan tsibirin Lemuy, inda jan tagulla ya rinjaye shi. A kudu wajen Quellón, inda ya koma shuɗi mai duhu kamar teku kafin hadari. Duk da bambancin launi, zaren zinariyar gefen nan da wata 'yar tsaga a kafaɗarsa ba sa canzawa. A watan Fabrairu na 1974 suka ƙetare mashigin teku zuwa babban yankin ƙasar Chile, ta same shi a gindin duwatsu kusa da Chaitén. Ta rubuta a littafinta na wannan rana cewa ta daɗe zaune a kan dutse tana duban tsibirinsu daga nesa, tana ƙiyasta shekarun da halitta marar fiffike za ta yi kafin ta iso nan, gungume bayan gungume, har lissafin ya ɓace mata, ta ga kamar tsibiran ne suke tafiya, ƙwaron yana tsaye wuri ɗaya.

Duk abin da ta samu tana aika wa Dakta Etchepare. A shekarun farko yakan amsa da shafi huɗu ko biyar, yana cewa zai tattara su ya buga in sun cika. Amma daga 1969 wasiƙunsa suka gajarce, suka koma gaisuwa da tambayar lafiyar yara, bai kuma buga ko layi ɗaya ba. Ta ɗauka tsufa ne ko yawan hidima. Saboda haka littattafai suka ci gaba da cewa Tenquil kaɗai, taswirar ɗakin girki tana cewa wani abu dabam.

Sofanor Cárcamo ya rasu ranar 3 ga Agusta, 1981, da ciwon huhu, bayan shekara ashirin da tara da aurensu. Malama Orfelina ta yi ritaya a watan Disamba na 1984, bayan hidimar shekara talatin da shida.

Akwatin Dakta Etchepare

Dakta Etchepare ya rasu a shekarar 1988, ya bar wasiyya a kai mata littattafansa na ƙwari. A cikin akwatin akwai wani tsohon littafi da harshen Jamus, wanda ba ta ji, da takarda a soke a tsakiyarsa. Kafin ta karanta takardar idonta ya faɗa kan zanen da ke shafin, wanda aka yi wa launi da hannu: kore, da zaren zinariya, da 'yar tsagar kafaɗa. Takardar kuwa, da rubutun marigayin, tana cewa:

"Malama Orfelina, wannan littafi ya shigo hannuna a 1969. Likitan wani jirgin ruwa mai suna Lorenz Wiedebach ne ya kama ƙwaron a 1854, sa'ad da jirginsu ya tsaya Ancud ɗibar ruwa da itace; amma akwatinsa daga tashar Callao ta ƙasar Peru ya tashi zuwa Turai, sai aka rubuta Peru a takardarsa. A 1859 aka buga shi da sunan wiedebachi. Shekara ɗari ana nemansa a Peru, ƙasar da bai taɓa takawa ba, ni kuma ban duba ƙwarin Peru ba sa'ad da nake bincikena. Sunan da na ba ki ba nawa ba ne balle in bayar. Na kasa gaya miki, na kuma kasa sake rubuta kome a kansa. Ki yi abin da kika ga ya dace."

Ta mayar da takardar inda take, ta ɗora littafin a kan kanta kusa da tulun sukari, ta yi fiye da shekara ba ta gaya wa kowa ba.

Shari'ar Daji

A shekarar 1989 wani kamfanin katako ya sami izinin sare dajin Tenquil domin niƙa itacen a fitar da shi waje. Mutanen ƙauyen suka kai ƙara kotun birnin Castro, kuma lauyarsu ita ce Clorinda, babbar 'yar Malama Orfelina. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce jumlar nan ta 1957, cewa akwai halittar da ba ta da wani mazauni a duniya sai wannan daji, mai ɗauke da sunan 'yar garin. Aka sa ranar da Malama Orfelina za ta ba da shaida. Mako biyu kafin ranar, Clorinda ta zo gida da safe, suka zauna gefen murhu suna miƙa wa juna ƙoƙon shayin mate, uwar ta sauko da littafin ta ba ta takardar.

Clorinda ta karanta, ta dubi bango, ta ce, "Mama, ba wanda ya ce ki yi ƙarya. Shiru kawai za ki yi. Ki naɗe taswirar nan ki tura ƙarƙashin gado har a gama, littafin Bajamushen nan kuma ga murhu. Wa ya san da shi?"

"Ni na sani."

"Dajin Kaka Belarmino ne fa. A nan kika binne cibiyar dukanmu. Za ki ba da shi saboda ƙwaro mai tusa?"

"'Yata, shekara kusan talatin ina mayar wa 'ya'yan mutane da kwalinsu don ba su rubuta wurin daidai ba. Wani ya rubuta Peru, aka ɓata shekara ɗari. In alƙali ya tambaye ni inda yake, me zan ce masa?"

"Ki ce kin tsufa, kin manta."

"Ban manta ba. Ɗigo ɗari biyu da goma sha biyu ne, kuma babanki ne ya kai ni rabinsu."

Clorinda ta ajiye ƙoƙon ba ta sha ba, ta ɗauki jakarta.

Kwana uku Malama Orfelina ta yi tana shiga dajin da hantsi tana fitowa da la'asar, ba sanda ba gwangwani. Takan zauna a kan gungume ta bar hazo ya rufe ta, tana jin ɗigar ruwa daga ganye zuwa ganye, wani lokaci har da sautin gatarin mahaifinta, wanda ya shekara ashirin da rasuwa. Ta san kowane lungu na wurin, ta kuma san abin da shaidarta za ta iya jawo masa. A rana ta huɗu ta rubuta wa mujallar masana wasiƙa, ta haɗa da kwafin taswirar da na takardar marigayin, ta kai gidan waya na Chonchi da ƙafarta. Ranar 20 ga Maris, 1990, ta tsaya gaban alƙali ta faɗi abin da ta sani, 'yarta tana zaune taku uku daga gare ta, kanta a sunkuye kan takardu.

An yanke hukunci a shekarar 1991. Kotu ta bar wa kamfanin gangaren gabas, kimanin sulusin dajin, ta hana taɓa saman tudu saboda maɓuɓɓugan ruwan da ƙauyen yake sha. A gangaren gabas ɗin ne gungumen shekarar 1935 yake. Wasu sun ce da ta yi shiru da an tsirar da dajin duka. Wasu sun ce masanin da kamfanin ya ɗauko zai gano ƙwaron a Quellón cikin mako guda, ƙarar ta rushe baki ɗaya. Ba a san wanda ya fi gaskiya ba, ita ma ba ta taɓa da'awar ta sani ba. Shekara biyu ba a gayyace ta gayya ko suna ba, wani kuma ya shafe zanen ƙofar makaranta da farin fenti.

A shekarar 1992 mujallar ta buga gyaran. Ƙwaron ya koma wiedebachi, aka soke Peru, aka bayyana mazauninsa daga Ancud zuwa Quellón, da ƙananan tsibiran gabas, da gaɓar Chaitén, bisa taswirar O. Bahamonde. Sunan orfelinae, bayan shekara talatin da biyar, ya sauka layi na biyu cikin ƙananan haruffa. Da ƙanwarta ta yi mata jaje, sai ta ce aro ne, mai abu ya zo.

Clorinda ba ta taka Tenquil ba sai a watan Janairu na 1994. Ta shigo ɗakin girki ba sallama mai tsawo, ta ajiye kwalin ashana a kan tebur. Uwar ta buɗe ta ga shuɗin ƙwaro, ta tambaye ta inda ta same shi.

"A rubuce yake, Mama. Duka ukun."

Malama Orfelina ta sa tabarau ta karanta, ta tashi ta ɗauko jan tawada, sannan ta ɗora ruwa a wuta.

Shekarun Ƙarshe

Ta ci gaba da fita daji har shekarar 2001, sa'ad da ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Daga baya idonta ya yi yana, har ta daina bambance kore da shuɗi, amma in aka sa mata ƙwaron a tafin hannu takan shafa kafaɗarsa da farce ta ce shi ne, ko ba shi ba ne. Ɗaliban jami'a sukan zo da rani su zauna a ɗakin girkinta suna kwafar littattafanta. Mafi yawan yininta takan yi shi a bakin taga mai duban teku, bargon saƙar mahaifiyarta a gwiwa, tana gyangyaɗi tana farkawa. Jikokinta sun ce wani lokaci takan tambaye su ko jirgin kakansu ne wancan a cikin hazo, in an ce gungume ne sai ta ce a bar shi ya wuce.

A shekarar 2008 wata ɗaliba mai rubuta kundin digiri ta nemi izininta ta ja layi a ƙasan ɗigon ƙarshe na kudu, domin a nuna iyakar mazaunin ƙwaron.

Ta ce, "A'a, 'yata. Nan ba iyakarsa ba ce, iyakar gwiwata ce."

Rasuwa da Zuriya

Malama Orfelina Bahamonde Chiguay ta rasu a gidanta na Tenquil da hantsin ranar Talata, 7 ga watan Yuni na shekarar 2011, tana da shekara tamanin da biyu, bayan jinyar kwana tara. An yi mata addu'a a cocin da aka ɗaura mata aure, aka binne ta bayan kwana biyu a maƙabartar kan tudu, tsakanin mijinta Sofanor da ɗanta Amador. Tsofaffin ɗalibanta ne suka ɗauki makarar cikin ruwan sama, har da waɗanda suka daina gaishe ta a shekarun shari'a, kuma su ne suka gina ɗan ɗakin katakon da ake rufa wa kabari a tsibirin.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Clorinda Cárcamo Bahamonde, lauya a Castro, Eliseo, matuƙin jirgin ruwa a Quellón, Lastenia, ma'aikaciyar jinya a Ancud, da Nolberto, manomi a gidan gado na Tenquil, da jikoki goma sha ɗaya da tattaɓa kunne uku. Littattafanta da akwatunan ƙwarinta sun tafi jami'a bisa wasiyyarta. Taswirar kuwa ta bar wa Clorinda, da kwalbar jan tawada, da sharaɗi ɗaya da aka rubuta a bayanta da hannun marigayiyar: kada a ja layi a kudu.